Azahar a Daɓen Ikko

Tun da muka dawo daga Ikko ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kasuwar Shinkafi, a ɗakin malamai, har a Zurmi wurin gaisuwar rasuwa sai da wani ya matso kusa da ni ya ce, "To Malam Nasiru, yaya anka ƙare da wasan naku?" Nakan ce alhamdu lillahi in kawar da maganar. Sai na lura shirun nawa ya fara haihuwa. Na ji an ce an kama mu da asiri a fili, na ji an ce yaranmu sun daki alƙalin wasa. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta. Ina neman uzuri tun daga farko: wasu maganganun na ji su ne cikin Turancin da ake yi da sauri da fushi, wasu cikin Yarabancin da ba na ji sai an fassara mini, kuma zuciyar da ta ɓaci ba ta iya ajiya. Mai yiwuwa na sa maganar wani a bakin wani. Inda na tabbata zan ce na tabbata.

Ga wanda bai san kurket ba, wasa ne da mutum ɗaya ke jefa ƙwallo mai tauri, ta dira ƙasa ta taso, wani kuma ya tare ta da katako kafin ta ture sanduna uku da aka kafa a bayansa. Yaranmu muciya suke kiran katakon. Wanda ya kawo mana wasan shi ne Oga Sande, malamin motsa jiki a wata sakandare a Kaura Namoda, mutumin Kudu, Kirista, wanda ya daɗe cikinmu har yana zagi da Zamfarci. Ni na shiga ne don ina koyar da Turanci kuma ana neman mai rakiya da zai iya magana da manya.

Wurin da ƙwallon ke dira shi ne zuciyar wasan. Namu wani tsohon daɓen siminti ne kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kaura, inda aka ce da can ake tara gyaɗa kafin a loda ta zuwa Ikko. Daɓe muke ce masa, har Oga Sande. Ranar Asabar, in hanya ta yi lafiya, yara kan zo daga Shinkafi da Zurmi a yi atisaye. In Azahar ta yi, sai su ɗauko butoci su tsuguna a bakin daɓen su yi alwala, su watsa sauran ruwan a kansa don ya huce, su jera sahu. Shi kaɗai ne wurin da babu ƙaya babu kashin awaki. Oga Sande kan zauna gindin darbejiya ya jira mu. Haka muke yi tun farko, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibinsa.

Cikin yaran akwai Ja'e, ɗan wata ruga a gefen Jangeru, dogo siriri marar yawan magana, kuma shi ne kyaftin. Ban san jifa ba sosai, amma Oga Sande da ya sani ya ce bai taɓa koyar da hannu irin nasa ba. An sanar da mu cewa masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zauna a gasar Ikko, wanda suka ɗauka za a kai shi sansani a kuma ɗauki nauyin karatunsa. A shekarun Ja'e, wannan ce gasar matasa ta ƙarshe da zai iya shiga. Mahaifinsa kuwa, Baffa Jauro, an kore masa mafi yawan shanunsa a daji, ya yanke shawarar ƙetarawa Nijar da ragowar da zarar an kawar da amfanin gona. Ni aka tura neman izininsa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, an hwaɗa min kurket da Turanci gyare na. Ikko za ku tahi da ɗana ku kamo gyare?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Na sake bayani. Da na gama, sai ya ce:

"To. In sunka ɗauke shi, na bar musu shi. In ba su ɗauka ba, shanu ba su jiran kowa."

Na ce, "Baffa, in Allah ya yarda za su ɗauka." Ina jin wannan ce magana mafi ƙarfi da na taɓa yi a rayuwata, ni da ko ruwan sama ba na cewa za a yi sai na ga ya jiƙa ni.

Daga Shinkafi zuwa Kaura ba sai na bayyana wa mutanenmu ba. Mun jira rana ta ɗaga, motoci suka taru, aka tafi a jere, kowa yana leƙen gefen daji. A Kaura muka haɗu da 'yan Zurmi, muka shiga bas ɗin da aka ɗaukar mana. Muna fita daga gari muka ƙetare layin dogo da ciyawa ta rufe. Oga Sande ya nuna shi ya ce wa yara, "Wanga ƙarfe har Ikko yat tahi. Gyaɗar kakanninku ta hi ku gata, ita a jirgi tat tahi." Direba ya ƙi bin ta Birnin Gwari, ya yi doguwar kewaya ta Kaduna da Bida. Ban yi masa gardama ba, har addu'a na yi masa a zuci.

Ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma gadar Jebba iyaka ce ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Yawancin yaran ba su taɓa ganin ruwa mai faɗin Kwara ba, suka taru a taga ɗaya har direba ya yi tsawa motar za ta karkace. Can gaba kaɗan aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'in ya tambayi daga ina, da ya ji Zamfara sai ya ce kowa ya sauko. Aka zazzage jakunkuna a bakin titi: hulunan kwano masu ragar ƙarfe, kariyar ƙafa, sanduna masu tsini, muciyoyi. Na ga yadda kayan suka yi a idonsa, kuma ba zan ce ban fahimce shi ba. Ya ɗaga hula ɗaya ya dubi Ja'e, ya tambaye shi ƙabilarsa. Ja'e ya faɗa. Jami'in ya ce in da gaske ɗan wasa ne ya nuna. Aka kafa gwangwanin madara a kan ganga can nesa. Ja'e ya ja da baya, ya sheƙo ya jefa, ƙwallon ta dira kan kwalta ta taso ta ɗauke gwangwanin. Jami'an suka yi ihu suna tafa hannu, ɗaya har ya ba shi lemo. Muka wuce muna dariya. Ban san cewa jifar da zai yi ke nan a duk tafiyar ba.

Abinci ya ba mu wahala. A wani gari bayan Ilori aka kawo amala, yara suka zuba mata ido. Wani ɗan Zurmi ya ce, "Malam, wanga tuwo ya mutu ko suma yay yi?" Miyar kuwa da na ɗanɗana sai na ga lalo ce tamu, an dai kaɗa ta ta yi laushi, barkono ne ya yi mata yawa. Ja'e ya taho da dawo, wato curin fura, a ƙwarya daga gida, zafin mota ya sa ya yi tsami, amma haka suka dama shi da ruwan leda suka sha suna sa wa innarsa albarka.

An sauke mu a ɗakin kwanan wata makaranta a tsibirin Ikko. Gadaje masu hawa biyu, fanka ɗaya mai kuka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne iskar garin: ka wanke riga ka shanya, gobe ka same ta kamar yanzu ka matse ta. A gida rana ke cin mutum, a can gumi ke dafa shi. Mutanen garin kuma ba su gaisuwa mai tsawo. Ka ce ina kwana, kafin ka kai ga ina gajiya mutum ya sha kwana.

Da safe aka kai mu ganin fili. Na karanta tarihinsa a waya tun muna gida, don ba na son a tambaye ni abu in rasa amsa, amma wanda ya ba ni shi da rai wani dattijo ne mai sayar da goro a bakin ƙofa, Baba Ɗanladi, Bagobiri haifaffen Ikko. Ya ji Hausarmu ya kira mu.

"Yaran Zamfara ne? Kai, sannunku da hanya. Kun ga duk wurin nan? Filin sukuwa ne na Turawa. Sarkin garin ne ya ba su. Ubana a nan ya tsufa yana wanke musu dawaki." Ya nuna gumakan dawaki da na gaggafa da ke saman babbar ƙofar dandalin da ke maƙwabtaka da filin. "A can aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu. Dawaki suka tafi, aka zuba siminti, sai wannan gefen aka bar wa masu farin kaya su yi ta jifa."

Na ce, "Baba, kana shiga kallo?"

"Ɗana, ubana daga waje ya yi kallo, ni ma daga waje nake yi. Goro ba ya son ciyawa."

Filin kansa, gaskiya, ban taɓa ganin irinsa ba. Kewayayye ne kamar faifai, an ja igiya mai kauri ta zagaye shi. Ciyawa kore shar, an aske ta daidai kamar kan ango. Dogayen benaye sun kewaye shi ta ko'ina, ana jin ƙugin motoci amma kamar daga wata duniya. A ƙarshensa biyu akwai manyan alluna da aka kafa don mai duka ya riƙa ganin ƙwallo sosai. Ga allon ƙidayar maki, ga rumfar manya mai bene inda 'yan wasa ke sauya kaya. Aka ce mana a nan in ana dogon wasa har tsayawa ake yi a sha shayi. Ja'e ya tsuguna ya shafa ciyawar, ya ce a hankali, "Malam, duk wagga ba dabbar da ka cin ta?" Na ce babu. Ya girgiza kai.

A tsakiya aka shimfiɗa wata doguwar tamfol, kusa da ita wani ƙaton ƙarfe mai kama da ganga da ake murzawa. Na tambaya, aka ce daɓen ne a ƙarƙashi. Ba a buɗe mana ba, mu kuma ba mu nema ba. A zatona siminti ne irin namu, sai dai mai kyau. Duk karatun da na yi a waya na shekarun filin ne da manyan wasannin da aka yi a cikinsa. Oga Sande ya san cewa yumɓu ne, amma ya ce daga baya bai taɓa kawo wa ransa cewa abin faɗa ne ba.

Ranar wasanmu an yi yayyafi da safe. An sa mu bayan Azahar, kuma gasar ta sili ɗaya ƙwale ce, wanda aka ci ya kama hanyar gida. Rana ta ɗan fito, aka yaye tamfol aka ja farin layi, ma'aikatan fili suka tafi cin abinci. Ni da Oga Sande aka kira mu saman bene taron malamai. Abin da ya faru a ƙasa yara ne suka ba ni labarinsa, ƙarshensa kawai na gani da idona.

Lokacin salla ya yi. Yara suka duba, ciyawa a jiƙe take, kuma tana warin takin kaji da aka zuba mata. Ja'e ya ce ba ya sakin jiki da tsarkinta. Bakin rumfa kuwa takalma ne da mutane. Sai suka hango daɓe a tsakiyar fili, busasshe, a share, a daidaice, ba ko tsinke a kai. Suka cire takalmansu tun daga bakin igiya don girmamawa, suka taka da butocinsu. Suka tsuguna a jere a gefe ɗaya na daɓen suka yi alwala. Suka watsa sauran ruwan a kai kamar yadda suka saba. Ja'e ya shiga gaba.

Ihu ne ya fito da mu baranda. Na hango mai kula da fili, wani dattijo gajere, yana gudu hannuwansa a ka, mutane na bin sa. Yaranmu suna sujada. Ya tsaya a kansu yana kururuwa, ba wanda ya ɗago. Wani ya ja rigar na ƙarshen sahu, yaron bai motsa ba. Sai da suka kai tahiya suka sallame. Daga baya wannan ma aka lissafa shi cikin laifinsu, wai an yi musu magana sun yi kunnen uwar shegu.

Da na iso, dattijon ya durƙusa a inda suka yi alwala. Ya danna babban yatsansa, yatsan ya nutse. A lokacin na gane ba siminti ba ne. Yumɓu ne na musamman da ake kawowa daga nesa, a yi makonni ana murza shi ana shanya shi ana rufe shi daga ruwa kamar jariri. Idon mutumin ya kawo ruwa. Ban riƙe shi a zuciya ba ko kaɗan, aikinsa aka ɓata.

Ja'e ya matso kusa da ni. "Malam, mi munka yi?"

Kafin in amsa, malamin ƙungiyar da za mu kara da ita ya riga ya fara. Ya ce da gangan ne. Ashe in yumɓun ya jiƙe, ƙwallo kan taso a karkace, mai duka ya rasa inda za ta bi, wato mai jifa ke cin riba. Ruwan kuwa ya zuba daidai inda ƙwallo ke dira, kuma kowa ya ji labarin cewa ƙarfinmu a hannun mai jifa yake. Na ce masa da Turanci, yaran nan ba su taɓa ganin daɓen ƙasa ba. Ya ce wanda bai san fili ba me ya kawo shi fili. Sannan ya juya wa mutanensa ya ƙara wata magana, aka yi dariya. Ya ce mun gama cinye gonakin mutane, yanzu mun zo kiwo a filin wasa, a duba bayan rumfa ko mun ɗaure shanun a can.

Ja'e ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Cewa ya yi a yi haƙuri."

"Malam, Turancina ba shi da yawa, amma na san sunan saniya."

Shugabar alƙalan gasar wata Alhaja ce Bayarabiya, mai natsuwa. Ta kira ni da Oga Sande gefe. Ta ce ita ta yarda ba mugunta ba ce, ita ma yanzu ta idar da tata sallar a wani ɗan ɗaki da ke ƙarƙashin bene, an shimfiɗa darduma, ga famfo a ƙofa. Na ce, "Hajiya, ba wanda ya nuna mana shi." Ta ce, "Ba wanda ya tambaya." Ina ganin dukanmu gaskiya muka faɗa. Ta ce doka ba ta duba niyya: an taɓa daɓe kafin wasa, hadari ya sake haɗowa, ba zai bushe yau ba, gobe kuma akwai masu jiransa. Aka ba abokan karawarmu wasan. Kyaftin kuma, da yake shi ya jagoranci shiga, an cire shi daga gasar gaba ɗaya.

Oga Sande ya roƙa. Ban taɓa ganin babban mutum ya roƙi abu haka ba. Ya ce a bar hukuncin yadda yake, amma a ba yaron nan ƙwallo a gefen fili, ko a kan kwalta, masu zaɓe su ga hannunsa sau ɗaya. Aka je aka tambaya. Amsar da ta dawo ita ce ba sa duba wanda aka kora kan rashin ɗa'a. Ban ga fuskokinsu ba, suna can saman bene, an kai musu shayi.

Muna fita Baba Ɗanladi ya riga ya ji. Ya ɗebo goro ya cusa wa Ja'e a aljihu, ya ce, "Na ce muku daga waje ake kallo." Ban san ko ta'aziyya yake yi ba ko zolaya.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Shingen Jebba ma ba su tsayar da mu ba. Na yi ta juya abin a raina ina neman wanda zan ɗora wa: waɗanda suka gayyato yara daga ƙarshen layin dogo ba tare da sun taɓa tambayar a kan me suke wasa ba, ko mu da muka kai su, ko mai dariyar shanu. In na ɗora wa wannan sai in ga ya zame ya faɗa kan wancan. Abin da na tabbata shi ne a filin da ake tsayar da wasa don shayi, an kori yaro don ya tsaya salla a wurin da ya ga ya fi ko'ina tsabta.

Mun wuce Gusau, ana gab da shiga Kaura, Ja'e ya taɓa kafaɗata. Na ɗauka zai tambayi ko akwai wata gasa, na shirya ƙaryar da zan yi masa mai taushi.

Ya ce, "Malam, sallar nan da munka yi. Mai wurin bai yarda ba, kuka ma shi kai. Ta yi, ko sai mun rama?"

Na ce ban sani ba, kada in faɗa masa abin da ba shi ne ba, ya bari in tambayi liman. Ya ce to.

Na tambaya. Liman ya ce sallarsu ta yi, ba su san an hana ba, ba ramuwa a kansu. Amma hanyar Jangeru ta yi kwanaki ba ta biyuwa, kuma ranar da na samu ɗan acaɓa ya kai ni, na tarar da rugar ba kowa, sai turaku da toka. Maƙwabta suka ce Baffa Jauro bai ko tambayi yadda aka yi ba. Ya ga ɗansa ya sauko da jaka, ya ce a fara ɗaure kaya.

Wannan shi ne abin da na sani. Oga Sande yana nan Kaura, yaran Zurmi da na Shinkafi da suka tsaya a sahun nan suna nan da ransu; duk wanda ya ga na ƙara ko na rage, ko na zalunci wani a cikin mutanen Ikko, ya same ni a makaranta ko ya aiko, zan gyara ba tare da jin haushi ba. Sai roƙo ɗaya ga masu ƙetarawa cin kasuwa ta wajen Maraɗi. In kun haɗu da wani dogon saurayi a bayan shanu, wanda in ya jefi saniya da hoge ba ya kuskure, ku ce Malam Nasiru ya tambayi liman. An ce ta yi.